Wa ke sa ido a kan 'yan kwangilar da ke binciken kamfanonin inshora a Amurka?

"Assalamu alaikum, Yaya. Ina aiki a sashen lissafi na wani kamfanin inshorar mota da gidaje a nan Amurka, bana shekarata biyu ke nan. Watan jiya aka ce hukumar inshora ta jiharmu za ta zo bincike. Da suka iso, sai na ga cikinsu mutum ɗaya ne kawai ma'aikacin gwamnati, sauran duk 'yan wani kamfani ne mai zaman kansa daga wata jiha, kuma mu ne muke biyan su awa-awa. Kamfaninmu yana sayar da inshora a jihohi da yawa. To wa ya ba waɗannan mutane ikon buɗe littattafanmu? Wa ke duba aikinsu? Idan suka ja aikin don kuɗi ya ƙaru, ko suka fitar da sirrinmu, wa za mu kai wa kuka?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Abin da ka gani ba baƙon abu ba ne, kuma na zauna a duka kujerun biyu: na yi shekaru ina ma'aikacin hukumar inshora ta wata jiha, daga baya na koma wani kamfanin da jihohi ke ba kwangilar bincike. Idan na fahimce ka, tambayarka ta tsaya ne a kan abu ɗaya. Mutumin da ba ma'aikacin gwamnati ba ya zo da ikon gwamnati, wanda yake bincika shi ne yake biyan sa, kuma sakamakon da zai rubuta jihohin da ba su ɗauke shi ba su ma za su dogara da shi. To ina linzamin yake, kuma a hannun wa?

Amsar a taƙaice ita ce, linzamin yana hannun kwamishinan inshora na jihar da ta ɗauke shi. Amma sai ka san yadda aka gina gidan kafin ka gane dalilin da ya sa wannan linzami wani lokaci yake da ƙarfi, wani lokaci kuma zaren lilo ne kawai.

Me ya sa jiha ce, ba tarayya ba

A Amurka babu hukumar tarayya da ke ba kamfanin inshora lasisi ko ta binciki asusunsa. Tushen wannan tsoho ne. A 1869, a shari'ar Paul da jihar Bajiniya, Kotun Ƙoli ta ce sayar da inshora ba ya cikin kasuwancin da ke tsakanin jihohi, saboda haka lamarin na jihohi ne. A 1944 kotun ta sauya matsayi a shari'ar South-Eastern Underwriters, hankalin jihohi da kamfanoni ya tashi, sai Majalisa ta yi dokar McCarran-Ferguson a 1945 ta mayar wa jihohi da kayansu. Ko ofishin inshora na tarayya da dokar Dodd-Frank ta kafa a 2010, sa ido da ba da shawara ne aikinsa, ba ya aika masu bincike kamfaninku.

Don haka kowace jiha tana da kwamishinanta. A jihohi 11, ciki har da Kalifoniya da Jojiya da Kansas, jama'a ne ke zaɓen sa, a sauran kuwa naɗa shi ake yi. Waɗannan kwamishinoni suna da ƙungiya tun 1871, wadda ake kira NAIC, mai mambobi 56: jihohi 50, da gundumar babban birni, da yankuna biyar. Ka riƙe wannan da kyau, domin mutane da yawa a cikin sana'ar ma suna ruɗewa a nan: NAIC ba hukumar gwamnati ba ce. Ba ta iya ci wa kowa tara. Tana rubuta dokokin samfuri ne, majalisar kowace jiha ta ɗauka, ko ta gyara, ko ta yi watsi da su.

Kai da ka taso a Najeriya dole abin ya yi maka bambaraƙwai, tunda a gida inshora tana cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa tarayya, hukumar NAICOM ɗaya ce tun 1997, daga Sakkwato har Fatakwal. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi ma sun wuce nan, domin yarjejeniyar CIMA da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992 ta haɗa ƙasashe 14 ƙarƙashin kundin doka ɗaya, da hukumar bincike ɗaya da ke tsallaka iyakar ƙasa. Abin da ƙasashe daban-daban suka iya yi can, jihohin ƙasa ɗaya ba su yi ba a nan.

Igiyar da ta ɗaure jihohin

Da kowace jiha za ta aiko da nata masu binciken, da kamfaninku bai yi wani aiki ba sai karɓar baƙi. Abin da aka daidaita a kai shi ne, jihar da aka yanke wa kamfani cibiya, wato inda aka yi masa rajista, ita ce ke binciken lafiyar kuɗinsa, sauran jihohi su karɓi rahotonta. Dokar samfuri ta bincike ta ce a yi wannan aƙalla sau ɗaya cikin shekara biyar.

Wannan yarda ta taɓa tsinkewa. A tsakiyar shekarun 1980 manyan kamfanoni irin su Mission da Transit Casualty da Integrity suka durƙushe, suka bar asarar da mutanen jihohi da yawa suka kwasa. A 1990 kwamitin ɗan majalisa John Dingell ya fitar da rahoto mai zafi, wanda takensa ke nufin alkawuran da aka saɓa, yana zargin jihohi da sakaci. Shekara ta zagayo, kamfanonin Executive Life da Mutual Benefit su ma suka durƙushe a 1991. Tun kafin nan jihohi sun ga idan ba su gyara ba tarayya za ta ƙwace aikin, sai NAIC ta kafa tsarin tantance hukumomin jihohi a 1990. Bayan kowace shekara biyar, wata tawaga daga waje takan zo ta zauna a hukumar jiha, ta duba dokokinta, ta ciro fayilolin binciken da ta yi, ta karanta shafi-shafi.

Haƙoran tsarin suna cikin wani sashe na dokar samfurin. Tun daga 1994, jiha ba ta karɓar rahoton binciken wata jiha sai idan waccan tana da shaidar tantancewa, ko kuma mai bincike daga jihar da aka tantance ya shiga aikin ya rantse cewa an yi shi bisa ƙa'ida. Jihar da ta rasa shaidar, kamfanoninta za su fara ganin baƙi daga ko'ina, wasu su tattara su koma wata jiha da harajinsu da ayyukansu. Ba barazana ba ce ta baki kawai, domin Niyok da girmanta an dakatar da shaidarta a 1993, ba ta dawo ba sai 2009.

Na kawo wannan tarihi ne saboda a nan 'yan kwangila suke shigowa cikin raga. Tawagar tantancewa ba ruwanta da wanda ya rubuta fayil, ma'aikaci ne ko ɗan kwangila. Idan aikin ya yi rauni, jihar ce za ta sha. A iya abin da na gani, wannan tsoro shi ne babban abin da ke sa hukuma ta matsa wa ɗan kwangila, ya fi duk wata magana da ke rubuce a kwantiragi.

Me ya kawo 'yan kwangila

Kuɗi ne, da yanayin aikin. Albashin gwamnatin jiha ba ya riƙe ƙwararren akanta, balle masanin lissafin haɗari, wanda shi ne ke auna ko kuɗin da kamfani ya ware don biyan diyyar gaba zai isa. Yaro zai shigo hukuma, a koya masa aiki shekara huɗu ko biyar, ya ci jarrabawarsa, kamfanin inshora ko kamfanin kwangila ya ɗauke shi. Ni ma hanyar da na bi ke nan, ba zan ɓoye maka ba. Sannan aikin ba ya zuwa daidai wa daida. Ƙaramar jiha tana iya samun katafaren kamfani ɗaya da sai bayan shekara biyar ake buƙatar mutum ashirin a kansa, ba za ta ajiye mutum ashirin suna jira ba. Ga kuma sauyin da aka yi a 2010, lokacin da aka wajabta binciken da ke bin diddigin haɗari. Da can ƙidaya muke yi, mu tabbatar lambar da ke littafi tana banki. Yanzu sai an zauna da shugaban kamfani da 'yan kwamitin gudanarwa an yi musu tambayoyi, an duba na'urorin kwamfuta da tsaronsu, an auna jarin da aka zuba a wuraren da ko sunansu wasunmu ba su taɓa ji ba. Wannan yana son mutanen da hukumomi ƙalilan ne suke da su a cikin gida.

Akwai dalili na uku da ba a cika faɗa a taro ba. Ɗaukar sabon ma'aikaci sai majalisar jiha ta amince da kasafi. Ɗan kwangila kuwa dokar ta ce kamfanin da ake bincika shi zai biya. Ga kwamishinan da aka hana ƙarin ma'aikata, wannan ƙofa ce a buɗe.

Ikon aro

Ɗan kwangila ba shi da ikon kansa ko na ƙwayar zarra. Kafin a fara aiki, kwamishina yana fitar da takardar izini da ke naɗa masu binciken, kuma da wannan takarda ce suke shiga ofishinku. Ƙin ba su littattafai daidai yake da ƙin ba kwamishina, kuma yana iya jawo dakatar da lasisi. Amma ba su ne ke yanke hukunci ba. Idan aiki ya kammala, jagoran binciken yana miƙa rahoto bisa rantsuwa cikin kwana 60, a ba kamfani har kwana 30 ya mayar da martani, sannan kwamishina ya amince da rahoton, ko ya gyara, ko ya ƙi shi. Tara, ko umarnin gyara, ko karɓe kamfani, duk na kwamishina ne.

Tare da wannan iko akwai sharuɗɗa. Doka ta hana naɗa wanda ke da hannun jari a kamfanin ko alaƙa da shugabanninsa, kodayake riƙe inshorar mota a wurinsu kawai ba ya hana mutum aiki. Takardun aikin bincike sirri ne, kuma ƙa'idojin tantancewa suna son a ɗaure ɗan kwangila da sharuɗɗan da ba su gaza na ma'aikaci ba, ya bayyana duk wata alaƙa, ya sa hannu kan riƙe sirri. Ta fuskar ƙwarewa, a binciken kamfanin da ke aiki a jihohi da yawa ana neman wanda ke jan ragamar ya kasance yana da shaidar CFE, wadda ƙungiyar masu binciken kuɗi ta SOFE ke bayarwa bayan jarrabawa da shekarun aiki. Akanta ko masanin lissafin haɗari kuma yana da ƙungiyar sana'arsa da za ta iya ladabtar da shi.

Wani abu da ya kamata ka sani tun yanzu: dokar ta ba mai binciken da aka naɗa kariya daga ƙara a kan abin da ya faɗa ko ya yi da kyakkyawar niyya a bakin aiki. Ina goyon bayan wannan kariya, domin da babu ita babu wanda zai iya rubuta cewa tanadin babban kamfani, wato kuɗin da ya ware don biyan diyya, ya gaza. Amma ma'anarta a gare ku ita ce, kotu ba ita ce ƙofar farko ba. Ƙofar farko ita ce mutum ɗayan nan da ka ce shi kaɗai ne ma'aikacin gwamnati a cikinsu.

Wannan mutumin shi ne duk maganar. Shi ne wakilin hukuma, shi ya kamata ya amince da tsarin aiki kafin a fara, ya karanta muhimman fayiloli, ya zauna a tarurruka, ya duba takardar kuɗi, ya sa hannu. Idan ƙwararre ne mai lokaci, tsarin yana aiki da kyau ƙwarai. Idan kuwa an ɗora masa bincike takwas a lokaci guda, ko kuma shekararsa uku a aiki yana duba aikin wanda ya shekara talatin, to sa hannunsa ado ne. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Hukumar da ta bari ƙwararrunta suka watse ba ta da abin da za ta auna aikin ɗan kwangila da shi, ko da ta rubuta kwantiragi mai shafi ɗari.

Na taɓa aiki ƙarƙashin wata dattijuwa, wakiliyar wata hukuma, wadda ba zan manta da ita ba. Duk ranar Juma'a da safe sai ta kira, fayil a buɗe a gabanta. Wata rana ta tsaya a kan shafin da na rubuta cewa na gamsu da yadda kamfanin ke daidaita asusunsa da na masu yi masa inshorar baya, wato kamfanonin da shi ma yake sayen inshora a wurinsu. Ta ce, ka gamsu da me? Na ce na ga takardar da manajansu ya sa wa hannu. Ta ce ita ma ta gani, amma kwanan watan sa hannun ya zo bayan ranar da muka nemi takardar. Na koma na duba, haka ne. Ba a taɓa yin daidaitawar a kan lokaci ba, ranar da muka tambaya aka zauna aka haɗa ta. Na ji kunya, na sake aikin, kuma ta ƙi amincewa a biya awannin da na ɓata a karo na biyu. Daidai ta yi. A wani aikin kuma, a wata jiha, wata huɗu muka yi ban ji muryar wakilin hukuma ba sai ranar taron rufewa. Doka iri ɗaya ce a jihohin biyu.

Maganar kuɗi

A nan ƙorafinka yake da tushe mai ƙarfi, kuma ba zan kare sana'ata a kan abin da na san gaskiya ne ba. Hukuma ce ke zaɓen ɗan kwangila, kamfani ne ke biya, ɗan kwangila kuma awa yake sayarwa. Mai zaɓa ba ya jin zafin kuɗin, mai biya ba shi da bakin cewa ya isa, mai aiki kuma kowace ƙarin tambaya riba ce a gare shi. Ba sai mutum ya zama mugu ba kafin irin wannan tsari ya karkatar da shi. Ya isa kawai a ce duk lokacin da yake shakkar ko ya ƙara duba fayil ɗari ko ya tsaya, aljihunsa yana gefe ɗaya na ma'aunin.

Sai dai ka ji ɗaya gefen, domin kamfanoni ma ba waliyyai ba ne. Mafi yawan jinkirin da na gani daga wurin kamfani ya fito. A nemi takarda, a yi mako uku, a kawo wadda ba ita ba. Tawaga tana zaune, agogo yana tafiya, sannan a zo taron shekara a yi kukan tsadar bincike. Kuma akwai haɗarin da ya fi tsada muni, wanda ba wanda ke kai ƙararsa: ɗan kwangilar da ya yi farashi mai sauƙi don ya ci aikin, sannan ya cika tawagar da sababbin yara, ya gama da wuri, kowa ya yi murna. Kamfani ba zai yi kuka ba, hukuma ba za ta yi ba. Mai inshorar da zai zo neman haƙƙinsa bayan shekara bakwai ya tarar da asusu wayam, shi ba ya cikin ɗakin.

Batun alaƙa shi ma yana da zurfin da takardar bayyanawa ba ta kaiwa. Kamfanonin da ke wannan kwangila ba su da yawa, kuma wasunsu suna da wani reshe da ke sayar wa kamfanonin inshora shawara. Yau mutum yana binciken kamfani, baɗi abokin aikinsa yana neman kwangila a wurin kishiyar kamfanin, ko a wurinsa shi kansa. Jiha ɗaya tana ganin abin da aka bayyana mata ne kawai. Kuma tunda ba lasisi guda na ƙasa baki ɗaya ake ba ɗan kwangila ba, wanda ya ɓata aiki a wata jiha yana iya samun aiki a maƙwabciyarta, sai dai idan shugabannin bincike na jihohin sun yi magana da juna. Suna yi kuwa, a tarurruka da ta waya, kuma sunan mutum yana lalacewa da sauri a wannan ƙaramar duniya. Amma hira ce, ba rajista ba.

Idan kamfaninku yana cikin rukunin kamfanoni da aka yi wa rajista a jihohi daban-daban, akan naɗa jiha ɗaya ta jagoranci binciken rukunin, a yi shi lokaci guda, a raba aikin. Wannan ya ƙara ƙarfi bayan da katafaren rukunin inshora na AIG ya kusa durƙushewa a 2008. Sau da yawa jihohi uku ko huɗu sukan ɗauki kamfanin kwangila ɗaya a kan aiki guda. Yana rage maimaici, amma ka nemi a nuna maka yadda aka raba kuɗin awa tsakanin kamfanonin rukunin, domin a nan kuskure yake ɓuya.

Inda igiyar ta fi sassauci

Duk abin da na faɗa a sama binciken lafiyar kuɗi ne. Akwai wani bincike na daban, na yadda kamfani ke mu'amala da jama'a: yadda yake tallata haja, da sa farashi, da biyan diyya, da amsa ƙorafi. A wannan fanni kowace jihar da kuke sayar da inshora a cikinta tana da ikon zuwa da kanta, domin mutanenta take karewa da dokokinta. Kuma babu tsarin tantancewa mai haƙora irin na ɓangaren kuɗi. Ofishin binciken Majalisar tarayya, GAO, ya yi rahoto a 2003 yana nuna rashin daidaito da rashin haɗin kai tsakanin jihohi a wannan fanni.

A 2004 ƙungiyar 'yan majalisun jihohi masu kula da inshora, NCOIL, ta fitar da dokar samfuri da ta taɓa 'yan kwangila kai tsaye. Ta nemi a yi tsarin aiki da ƙiyasin kuɗi tun farko, a bayyana farashin awa, a sa wa'adi, a tanadi hanyar sasanta saɓani, kuma hukuma ta duba takardar kuɗi ta amince da ita kafin a aika wa kamfani. Abubuwa ne masu kyau, amma ba kowace jiha ce ta ɗauke ta ba, waɗanda suka ɗauka ma kowa da irin gyaran da ya yi.

Misalin da ya fi tayar da ƙura shi ne na inshorar rai, wajen 2011. Hukumomi suka gano cewa wasu kamfanoni suna amfani da jerin sunayen mamata na hukumar Social Security, mai biyan fanshon tsufa, don su tsayar da kuɗin da suke biyan mutum yana raye, amma ba sa amfani da jerin don su nemo magadan da ke bin su kuɗin inshorar rai. Aka yi zaman sauraro a Fulorida da Kalifoniya, manyan kamfanoni irin su John Hancock da Prudential da MetLife suka yi sulhu da jihohi da yawa. Wani ɓangare na tonon, masu bincike masu zaman kansu ne suka yi wa ofisoshin jihohi masu kula da dukiyar da ba a zo nema ba, kuma irin waɗannan akan biya su kaso ne daga abin da suka gano. Kamfanoni suka ce wannan farauta ce ba bincike ba. Masu kare jama'a suka ce da ba don kason ba, da marayu ba su ga kuɗinsu ba. Ni a ra'ayina duka biyun suna da gaskiya, amma ba zan yarda a biya mai binciken lafiyar kuɗi kaso ba ko kusa. Wanda zai ce tanadi ya isa ko bai isa ba, bai kamata ya san amsar da ta fi yi masa riba ba.

Gyare-gyaren da ake ta kawowa ba su da yawa. Wasu suna son a ƙayyade farashin awa, amma na ga inda hakan ya kori ƙwararru ya bar 'yan koyo. Wasu suna son a yi farashi dunƙule na aikin gaba ɗaya, wanda yake da kyau har sai an buɗe littafi an tarar da ɓarna, a lokacin kuma kowace ƙarin awa asara ce ga mai bincike, sai ya kau da kai. Wasu suna son rajista ɗaya ta ƙasa, inda kowace jiha za ta rubuta yadda ɗan kwangila ya yi mata aiki, kuma wannan na fi karkata gare shi, domin ba ya ƙwace ikon kowa. Amma da za a ba ni zaɓi ɗaya tak, da na ce a ƙara albashin wakilan hukuma a rage musu yawan fayil.

Abin da za ka iya yi daga kujerarka

Kai ba kai ne za ka yi magana da hukuma ba, akwai wanda kamfani ya naɗa ya zama mahaɗa, ta wurinsa za ka bi. Amma abin da ke hannunka yana da yawa. Ka buɗe rajistar duk abin da aka nema: ranar da aka nema, wa ya nema, ranar da aka bayar. Wannan rajista ita ce hujjarku idan aka zo jayayya kan wanda ya jawo jinkiri, kuma za ta nuna idan an nemi abu ɗaya sau biyu. Ka ba shugabanka shawara ya nemi kwafin takardar izinin binciken, da ƙiyasin awanni, da farashin kowane mataki na ma'aikaci, kuma takardar kuɗi ta zo da bayanin wanda ya yi me a wace rana. Ya nemi a riƙa taron duba ci gaban aiki a kai a kai, wakilin hukuma yana ciki. Idan an tsallake ƙiyasi, a tambayi dalili a rubuce, cikin ladabi, wurin wakilin, idan bai gamsar ba a je wurin shugaban sashen bincike na hukumar. A iya sanina, hukumomi ba sa jin haushin tambayar da ta zo da rajista a hannu. Wadda ta zo da zargi kawai ita ce ke ɓata dangantaka.

Game da sirri, kada ka aika wa kowa bayanan masu inshora ta imel ɗinka, ko da ya ce sauri yake yi. Ka bi ta hanyar da aka amince da ita tun farko, kuma a tambaya a rubuce ina za a ajiye bayanan da abin da za a yi da su bayan an rufe aiki.

Ni ba lauya ba ne, kuma yawancin aikina a ɓangaren kuɗi na yi shi. Kwanakin da na ambata na dokar samfuri ne, jiharku tana iya sauya su, saboda haka lauyan kamfaninku ya buɗe dokar bincike ta jiharku ya karanta muku sashen kuɗin bincike da na martani. Kwana 30 ɗin nan na mayar da martani suna wucewa kamar ƙiftawar ido, ku fara tattara amsoshinku tun daga taron rufewa, kada ku jira rahoton ya iso.